Hayar Shekara Biyu a Dunƙule

Shekara ashirin da bakwai Direba ya yi yana jan babbar mota, kuma tun a ta goma ya fara tara bulo. In ya dawo daga tafiya ya sayi hamsin, in tafiyar ta yi kyau ya sayi ɗari. A haka ya tayar da ɗaki shida a filin da ke jikin gidansa, uku suna kallon uku, da banɗaki biyu, famfo ɗaya a tsakar gida, mitar wuta ɗaya. Ranar da ɗan haya na shida ya shigo da katifarsa, Direba ya mayar wa mai mota makullinsa. Bayansa ya riga ya gaji, idon hagu ma ya fara hazo. Lissafinsa ba wuya: ɗaki shida, dubu sittin-sittin a shekara, dubu ɗari uku da sittin ke nan, ya zauna a gida ya miƙe ƙafa.

Abin da bai saka a lissafi ba shi ne, gida ma ci yake yi. A shekarar farko kaɗai an kwashe masai sau ɗaya, an canza kan famfo sau uku, kwaɗon ƙofa huɗu, ga ɗakin ƙurya da ya yi wata biyar ba kowa sai gizo-gizo. Kuɗin wuta kuwa kowane wata sai an yi shari'a. Direba yana raba shi ne bisa yawan ƙwan fitila, shi kuma Tela, ɗan hayar ɗaki na biyu, ya rantse ba shi da dutsen guga, alhali kayan mutane suna fitowa daga ɗakinsa da kari kamar wuƙa.

Ana cikin haka wani magini ya nuna masa ɗan filin da ya rage a bakin ƙofa, ya ce shago biyu za su zauna daram, kuma shago ɗaya ya fi ɗaki biyu kawo kuɗi. Direba ba shi da ko sisi a ajiye. Sai ya tara 'yan hayarsa ya yi musu tayi: duk wanda ya biya shekara biyu a dunƙule, an rage masa dubu goma a kowace shekara. Biyar suka amsa tun bai rufe baki ba. Malamin makaranta ne kawai ya ce albashinsa ba zai ɗauka ba, zai ci gaba da dubu biyar-biyar ɗinsa duk wata.

Matarsa ta ga dubu ɗari biyar zube a kan tabarma, ba ta ko yi murmushi ba.

"Baban yara, wannan fa abincin bana ne da na baɗi ka haɗa wuri ɗaya. In ka zuba shi a siminti, simintin za mu dafa?"

Ya ce wata uku shago ya fara kawowa, ta daina yi masa baki.

Siminti ya tashi sau biyu kafin a kai taga. Kuɗin suka ƙare a linta, ba rufi, ba ƙofa. A wata na biyar injin da ke jawo wa famfon gidan ruwa ya ƙone, mai gyara ya duba ya ce sai sabo, dubu tamanin da biyar. Da safe Direba ya buɗe ƙofa ya tarar da bokiti tara a jere, Tela a gaba riƙe da rasit.

"Baba mai gida, mu dai mun biya har baɗi, kuma da ruwan a ciki. Ko wankan ma sai shagon ya ƙare?"

Ya dubi takardar, rubutun hannunsa ne a jiki. Ya koma ciki ya ƙirga: saura wata goma sha tara kafin mutum biyar su sake ba shi ko kwabo. Ba mai sayen shago marar rufi manne da gidan wani. Ƙaninsa da ya nemi rance a wurinsa ya ce shi ma da zai zo wurinsa, tunda shi ne mai gidan haya.

Kwana huɗu ya yi yana sayen ruwan jarka yana raba wa 'yan haya daga aljihunsa. A na biyar ya sa takalmi ya tafi garejin da ya bari. Ɗan tsohon ubangidansa ne ke riƙe da wurin yanzu, ya ce babbar mota dai ta fi ƙarfin idonsa, amma akwai tifa mai ɗiban yashi cikin gari, dubu biyu da ɗari biyar kowane sawu.

Da ya dawo ya gaya wa matarsa, ta tambaye shi sawu nawa ne injin.

"Talatin da huɗu."

"Rufin shagon fa?"

Ya ce wannan bai ƙirga ba tukuna, ta bar shi ya fara ganin ko bayansa zai yarda. Ta ɗauko man zafi ta ajiye masa kusa da hularsa, ta fita ta ce wa Tela ya kwashe bokitansa daga bakin ƙofa, ruwa sai nan da mako biyu.