Malaman Goggo a Fayil Ɗaya

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da taubashina, ruwa yana yayyafi. Bomo muka nufa, ƙauyen da ke gefen Samaru, wurin Goggo, ƙanwar mahaifina. An yi mini waya cewa jikinta ya yi nauyi. Ita kaɗai ta rage da ta san ta inda gidanmu ya haɗu da danginmu Kirista na Sabon Garin Zazzau. Muna gaisawa da su a biki da jana'iza, amma ba mai iya cewa ga kakan da ya haɗa mu.

A Kwanar Ɗangora muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Na ci irinsa a Yamai da Kumasi, ko'ina kukan ɗaya ne, sai dai a can mai ƙosan tana ba ka haƙuri.

Kwamfutata tana kan cinyata. Bayan na yi ritaya na ɗora wa kaina koyon yaren kwamfuta, ina ganin wanda ya sha fama da Larabci da Faransanci ba zai gagara ba. Na rubuta 'yar manhaja: ka sa sunan mutum, sai ta buɗe masa gurbi, ka zuba matansa, 'ya'yansa, unguwarsa da inda aka binne shi. Adana wannan a fayil kuwa ba sai ka ƙirƙiro dabara ba. Akwai ƙunshin aiki da wasu suka riga suka rubuta, masu harkar suna ce masa modul. Layi ɗaya za ka rubuta a sama ka kira shi, kamar aron turmi a maƙwabta. Taubashina ya ce, "Tsufa dai ya zo maka da sabon salo. Mutane na neman carbi, kai kana neman caja."

Bakinsa kuwa ya kama ni, don a Kwangila na tuna na bar cajar a gida. Muka karkata kasuwar Sabon Gari. Taɓo har idon sawu, janareto na kuka ta kowace kusurwa, mai shago yana yi mini Turancin buroka ina mayar masa da na Kumasi. Samaru kuma na same ta ba yadda na san ta ba. Gonakin da muke ratsawa zuwa Bomo duk sun zama ɗakunan hayar ɗalibai.

Goggo tana kwance a tabarma, ta rame ƙwarai. Ta sa aka kawo mana fate, ta ce Kanawa su ci su san an zo Zazzau. Da na ciro waya zan ɗauki muryarta sai ta ɗaga hannu.

"Kai ɗan nan, ba za a kulle muryata a ƙarfe ina kabari ana kunna ni ba. Rubuta da hannunka."

Ta fara, ina bugawa. Goggo mutuniyar da ce, ba ta faɗin sunan miji, ko na suruki, ko na wani babba da take jin nauyinsa. Mijinta Malam. Kakanmu Malam. Wan kakanmu, wanda ya bi masu aikin jirgin ƙasa ya zauna Sabon Gari, shi ma Malam. Na ce, "Goggo, sunansa fa?" Ta ce, "Ka ji ɗan nan da rashin ta-ido. A bakina?" Taubashina ya yi dariya, ni kuma na riƙa rubuta Malam, da niyyar in bambanta su daga baya ta hanyar 'ya'yansu. Ta jero matan kowa da zuriyarsa, tana tsayawa tana numfashi. Da la'asar ta ce ta gaji. Na danna adanawa, na ga fayil ya fito, na rufe kwamfutar ban duba cikinsa ba.

Mun iso gida bayan magariba. Da safe na buɗe fayil ɗin, sai na tarar da Malam guda ɗaya tak. Ashe da suna manhajar take gane gurbi, saboda haka duk Malam ɗin da na sa sai ya hau kan na baya ya shafe shi. Wanda ya tsira shi ne na ƙarshe, wani limamin unguwa da ta ambata, wanda ba ma danginmu ba ne. Na yi ƙoƙarin tunowa, amma hankalina yana kan madannai lokacin da take magana, ban riƙe wace mata ce ta wane ba.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan. Na'urar an gina ta ne a inda kowa ake kiransa da sunansa, ni kuma na kai ta ɗakin da ba a yin haka, ban ba kowane mutum lambarsa ba, alhali a irin wannan gidan aka haife ni.

Na gyara manhajar a ranar, gyaran bai fi layi biyu ba. Na kira Bomo in ce ina nan dawowa jibi. Jikarta ce ta ɗauka. Ta ce tun daren jiya bakin Goggo ya rufe, sai dai ido.