Baba Likita Ya Rasu, Ina Neman 'Yarsa

Wayyo Allah na. Da safen nan ina shiga wurin aiki manajanmu ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce Baba Likita ya rasu. Jiya da yamma ya yanke jiki ya faɗi a tashar bas, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Don Allah ku karanta har ƙarshe, roƙo nake da shi.

Ga wanda bai san shi ba, Bature ne ɗan Ingila, ɗan wasan fim da talabijin. Shekara uku yana zaune a ƙaramin otal ɗin da nake aikin karɓar baƙi a unguwar Al Buteen, nan Dubai. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wasa a ƙasarsu, amma bai taɓa zama jarumin fim ba. Shi ne likitan da zai fito ya ce "mun yi iya ƙoƙarinmu", shi ne alƙali, shi ne direban da ke buɗe wa manya ƙofa. Da tsufa ya kama shi aka daina kiransa, sai ya taho Dubai yana fitowa a tallan gidaje da agogo.

Alhazan Kano masu sauka wurinmu ne suka gan shi da farar riga a wani tsohon DVD, suka laƙaba masa Likita. Har ƙarar hawan jini suke kawo masa. Shi kuwa sai ya kama hannun mutum, ya tsuke fuska, ya ce a rage shinkafa.

Ranar da aka haifa mini 'ya a Kafanchan ban samu hutu ba, shi ya sayo kek ya bi kowa da shi, har masu shara.

Ni ne mai karanta masa. Ɗan wasa ba ya haddace magana shi kaɗai, sai wani ya riƙe takarda ya zama ɗaya mutumin. Na zama matarsa, na zama ɓarawo, har sarauniya na taɓa zama. Kullum faɗansa ɗaya ne, wai ina da saurin sakin jiki. "Yohanna, kada ka ba ni abin da nake nema da sauƙi. In ka yafe tun layin farko, wasa ya mutu."

Juma'ar da ta wuce ina hutu, muka hau abra, kwalekwalen nan mai tsallakar da mutane zuwa Bur Dubai. Muna tsakiyar ruwa ya ce, "Yau babu takarda. Kai ne Helen, ni ne uban da ya bar ta tana ƙarama ya bi wasa. Ka amsa yadda ka ga dama."

Na ɗauka sabon aiki ya samu.

Ya fara roƙo. Ya ce ya ji ta zama nas a arewacin Ingila, ya ce ba ya neman komai sai ya ji muryarta. Ban taɓa ganin ya yi wasa mai kyau haka ba, har mutanen da ke kusa da mu suka juyo. Ni kuma sarkin iyawa, ina so in burge malamina, na ɗaure fuska na ce, "Ka makara. Ba ni da uba. Kada ka sake nemana."

Can ya ce, "Haka ne. Haka za ta ce."

Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, ya yayyaga, ya watsa a ruwa. Ni kuwa na tafa masa! Na ce, "Khalas, shi ke nan, Baba, aikin nan ka samu an gama."

Ɗazu a asibiti aka nuna mini walat ɗinsa. Hoton wata yarinya ne a ciki, a bayansa an rubuta 'yata Helen. A ɗakinsa kuma, kan tebur, ga katin kiran ƙasar waje ko kankare shi ba a yi ba. Ba wanda ya gaya mini, amma na sani. Lambarta ce ya zuba a ruwa, kuma bakina ne ya sa.

Yanzu yana kwance a firjin asibiti. Sun ce sai dangi ya sa hannu, ni ba kowansa ba ne. Gurbin dangi a fasfonsa babu komai. Wayarsa daga lambobin masu talla sai na tasi. An sanar da ofishin jakadancinsu, suna bincike, amma ni na kasa zama in jira.

Jama'a, ina durƙusa muku. Duk mai ɗan'uwa a Ingila, musamman nas-nas ɗinmu da ke asibitocin can, ku tura musu wannan. Sunan 'yar tasa Helen, za ta haura shekara arba'in. Ku yi mini inbox in ba ku hotonsa da cikakken sunansa.

Helen, in Allah ya sa wani ya fassara miki wannan: babanki ya yi niyyar kiran ki. Ni na ce ya makara, ba ke ba. Ke ba a ma tambaye ki ba.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka, ka ba shi hutawa, kada ka bari a binne shi babu nasa ko ɗaya a bakin kabari. Musulmi da Kirista, kowa ya sa shi a addu'a yadda ya iya. In kun gama, ni ma ku roƙa mini gafara.