Ranar da Kaka Ya Kira Sunan Babana

Akwai wani ƙarni da ruwan Mubi ke yi idan zai yi ɓarna. Ba ƙamshin ƙasar nan ba ne na ruwan fari, a'a, wani wari ne mai sanyi kamar an yashe tsohuwar rijiya. Jiya ina tsallaka gada a cikin keke ya bugi hancina, sai na koma 'yar yarinyar nan mai ƙwarya a ka.

Mu a Barno aka haife mu, can gefen tafki. Babana da sana'ar su ya tashi kafin ya koma fataucin banda, kuma in dai zancen ruwa ne, kada ma ka ɓata bakinka, ba zai ji ba. Innata kuwa 'yar Mubi ce. Da farkon wata damina muka zo unguwar Yelwa ganin iyayenta, aka yi mini alkawari biyu: da safe zan ga yadda kifi ke haurowa mayo, wato kogi a bakin mutanen nan, da yamma kuma kawu, ƙanen Inna, zai zaga da mu gari a kan mashin.

To ka san yadda surukuta take a lokacin. Baba da Kaka, mahaifin Inna, ba sa haɗa ido, ba sa cin abinci wuri ɗaya. Daga nesa Baba zai tuɓe takalmi ya durƙusa, Kaka ya amsa gaisuwa yana kallon katanga. Sunan Baba kuwa bai taɓa fita daga bakin tsohon nan ba. "Baƙonmu" yake cewa, ga aure har ya kawo kamata. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta bi ta bakin kawu. Ni kam babu wannan tsakanina da Kaka. Yana ce mini amarya, ina ce masa Allah ya tsare ni da miji marar haƙora.

Ranar kawu ya tafi aron mashin, don haka mu uku muka sauka mayo, ni ce mai kai saƙo. Yashi ne shimfiɗe fari fat, ruwa na bin gefe-gefe, iyakarsa gwiwa. Mata na wanki. Baba ya naɗe wando ya tsallaka zuwa wani tudun yashi a tsakiya, ya shiga jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi. Kai, Baba ya iya jifa! Ragar ta buɗe a sama ta sauka a hankali, ya jawo, ga tarwaɗa na wutsil-wutsil. Kaka yana zaune gindin mangwaro a bakin gaɓa, ya ba shi rabin baya. Rana tarwai, ko ɗigon hadari babu a kanmu.

Can sai na ga Kaka ya miƙe yana shaƙar iska. Ya dubi duwatsun wajen Kamaru, inda wani baƙin gajimare ya zauna. Ya gangara ya ɗebi ruwa a tafin hannu. Ruwan da ɗazu nake ganin yatsun ƙafata a ciki ya soma ja, ga kumfa da karmami da kashin awaki suna wucewa.

"Amarya," ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "je ka gaya wa baƙonmu rana ya yi."

Na je bakin ruwa na ƙwala wa Baba saƙon. Baba bai ko juyo ba.

"Ki ce masa yanzun nan, kifi ya fara shiga."

Na dawo na faɗa wa Kaka.

"Koma. Ka ce masa an yi ruwa a dutse."

Wannan karon Baba ya ɗaga kai ya kalli sama, ya yi 'yar dariya. "A dutse aka yi, ai mu a ƙasa muke." Ba raini ba ne, wallahi. Shi tafki ya sani, wanda ke cika sannu-sannu, yau ya taɓa wannan kara, jibi ya taɓa wancan, har ka kwashe kayanka a natse. Bai san mayo ba ya sallama ba.

Ina nan tsaye na ji ruwan da ke idon sawuna ya kai ƙwaurina, sanyi ƙalau. Na waiga, matan wanki sun tattare jiƙaƙƙun kaya suna hawa gaɓa da gudu. Kaka ya fizgo ni sama, riƙon da sai da ya bar mini shaida a hannu. Daga nan na fara jin rugugin, kamar manyan motoci sun jero daga nesa.

Baba ya ba mu baya, ragarsa ta sarƙe da wani abu a ƙasa, ya duƙa yana kwancewa. Na yi ta ihu, "Baba! Baba!" amma muryata ba ta kai ko'ina ba. Na dubi Kaka. Bakinsa na buɗewa yana rufewa, ba abin da ya fito. Na ji tsoro, na kuma ji haushinsa, har na kai masa duka a cinya ina kuka.

Sai ya kira sunan Baba. Sunan yanka tsurarsa, ba Malam ba Alhaji, da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Saki raga! Fito!"

Baba ya zabura kamar an mare shi. Ya juyo, ya ga abin da ke tahowa, jan ruwa ɗauke da itatuwa. Ya saki birgin ya faɗo ruwa. Ya kai masa ƙugu, ya kai masa ƙirji, yana jan sa gefe. Kaka ya warware rawaninsa, ya riƙe saiwar mangwaro da hannu ɗaya, ya cilla masa. Jifan farko ruwa ya kauce da shi. A na biyu Baba ya cafke. Yadda tsohon nan ya jawo ƙaton mutum, har yau Allah kaɗai ya sani. Na dai gan su zube a gaɓa, ƙirji da ƙirji, kan Kaka a buɗe, sanƙo tal. Tudun yashin kuwa babu shi babu alamarsa.

Da numfashi ya dawo musu, sai kunya ta dawo. Kowa ya ja jiki. Baba ya laluba takalmin da zai tuɓe, babu, ruwa ya tafi da shi, sai ya durƙusa haka nan. Kaka ya juya wa mangwaro fuska.

"Amarya, ka ce wa baƙonmu ya gode Allah."

Da yamma mun zaga garin, don ba wanda ya gaya wa mata komai. Baba na sanye da rigar kawu da ta ɗage masa. An nuna mini kasuwar shanu, ƙahoni har iyakar gani, da gidajen bene, da masu canjin kuɗin Kamaru. Abin da na riƙe kawai shi ne hannun Baba da bai bar kafaɗata ba. A kan gada ya ce a tsaya. Ya daɗe yana leƙen ruwan. Kawu ya ce, "Yaya, wai ina kifin namu?"

Da shekara ta zagayo Inna ta haifi namiji, Baba ya sa masa sunan Kaka. Tun daga ranar suna bai ƙara furta shi ba, "Babana" yake ce wa yaron.

Yanzu a Mubi nake aure. Mijin 'yata yakan zauna kujera ɗaya da maigidana suna kallon ƙwallo, suna musu, hannunsu a kwano ɗaya. Ban ce laifi ba ne. Da su ne a mayo ranar nan, da ba a aiki yarinya har sau biyu ba. Kaka ya daɗe da rasuwa, Baba kuma ya tsufa, yana wurina. Kwanan baya autata ta dame shi da tambaya, wai me ya sa bai taɓa kiran kawunta, ƙanen nan nawa, da sunansa ba, ga shi har ya yi furfura.

Baba ya dubi wajen duwatsu.

"Mai sunan ya kira nawa sau ɗaya," ya ce. "Ya ishe mu, ni da shi."