Shekara shida bayan Yaya Sani, cigiya na nan a tsohon dandali

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Mamman Sani a Tanut, amma babban dandalin nan na waya da kowa ke ciki bai yarda ya rasu ba. Yaya, kamar yawancinmu, ba a san ranar da aka haife shi ba, sai aka rubuta masa ɗaya ga Janairu a takarda. To duk sabuwar shekara waya sai ta sanar wai yau ranar haihuwarsa ce, mutane su yi ta rubuta masa Allah ya ja kwana. Har da waɗanda suka ci tuwon sadakar arba'in ɗinsa. Ni lakkol, wato boko, ban yi nisa ba, amma na san rashin kunya idan na gan ta.

Na sha ɗaukar waya zan fice daga dandalin in huta. Abin da ke riƙe ni shi ne rukunin cigiya da ya buɗe a ciki. Raƙuminka ko saniyarka ta ɓace, ka sa hoton shaidar da ke jikinta, ka yi bayani da baki, a ji daga Gangara har Belbeji. Yau ni ke riƙe da rukunin. Idan ya mutu a hannuna, mai cigiya zai koma bin kasuwanni a ƙafa, kafin ya isa an yanka.

Yaya ma ya gwada ficewa a shekararsa ta ƙarshe. Ya gaji. Rezo, wato sabis ɗin waya, a daji ɗan kaɗan ne, kafin hoton saniya ya buɗe, talla da rawar ƴan birni sun cinye wa mutum kiredin waya. Ya samo wani dandali marar nauyi, ya ce kowa ya biyo shi. Su wa suka bi? Mushen lakkol, wato malamin makaranta, ma'aikatan meri, ofishin magajin gari ke nan, da wani mai sayar da magani. Mutanen da ko akuya ba su ɗaure ba. Ana haka sai bijimin abokinsa Ja'e, wani Bafulatani, ya ɓace. Aka sa cigiya a sabon wuri, su mushe suka yi ta jajantawa. Dillalin da ya ga bijimin a kasuwar Falanko yana can tsohon wuri, bai ji komai ba. Ja'e ya zo har ƙofar gida ya ce, "Sani, ka kai cigiyata wajen masu biro. Biro ne zai gane sa?" Washegari Yaya ya koma inda ya baro, yana can har Allah ya karɓi abinsa.

Da yana nan yau, da ya ga dandali sun yi yawa, kowa da nasa kirarin. Na gwada su. Na bidiyon da samari suka cika, cigiya nutsewa take cikin waƙa. Wani kuma sai rubutu, mutanenmu kuwa baki ne da su. Marar nauyin da ya zaɓa tun wancan lokaci shi ne dai mai amfani, a nan bai yi kuskure ba. Inda ya kuskure, ya fara da masu karatu saboda su suka fi saurin cewa to.

Ni kuwa da dillalai da mahauta na fara. Ranar kasuwa ina zama a rumfarsu, in karɓi waya in sa musu dandalin marar nauyi da hannuna, in tsaya sai sun aika murya na ji. Wasu na zagina, na saba. Tsohon rukunin ba zan rufe shi ba sai dillali na ƙarshe ya ƙaura, kuma zai ƙaura, domin abokan cinikinsa sun riga shi. Su mushe za su biyo baya.

Gidan Yaya an raba, wayarsa ta daɗe da lalacewa. Na ɗauka shi ke nan. Kwanan baya a Belbeji wani dattijo makiyayi da bai taɓa ganinsa ba ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Malam, sabon nan naka, ana yin Sani a ciki?" Ban gane ba, sai wani dillali ya ce haka suke kiran cigiyar waya a rugarsu. Dattijon bai ma san sunan mutum ne ba. Na karɓi wayar na ce, "Ana yi, Baba. Me ya ɓace?"