Giɓin Mai Agogo da Zirgancin Tudu

A duk faɗin duniya babu wanda ya kai Mai Agogo iya Zirgancin tudu. Babu mai musun wannan, domin babu Zirga, babu tudunta, harshen ma wani marubucin gidan rediyo ne ya ƙirƙiro shi don wasan kwaikwayo a kan mutanen wata duniya can cikin taurari.

Shi dai gyaran agogo yake yi a wata 'yar rumfa daura da gidan rediyon. Ranar da wani ɗan wasa bai zo ba, aka leƙo aka ce ya zo ya karanta layi biyu. Haƙoransa na gaba sun tafi tun wata faɗuwa da ya yi daga keke, saboda haka duk kalmar da ya furta sai ta fito da ɗan fito a wutsiyarta. Furodusa, mai shirya wasan, ta so a sake ɗauka. Marubuci, da yunwa ta ishe shi, ya ce a bari, ai haka mutanen tudu suke magana a Zirga.

Masu sauraro ba su ɗauki zancen da wasa ba. Suka kafa ƙungiya, suka raba harshen gida biyu: na kwari, wanda 'yan birnin Zirga ke yi, da na tudu mai fito, wanda suka ce shi ne na asali. Mai Agogo ya zama Dattijon Tudu a wasan shekara da shekaru. Masu kawo gyara sukan sa ya gaishe su da Zirganci, su tafi da murna ko agogon bai tashi ba.

'Yarsa ce ta ɓata lamarin, da kyakkyawar niyya. Ma'aikaciyar jinya ce, ta gaji da ganin mahaifinta yana tauna da gefen baki kamar akuya. Ta kai shi wurin likita, aka cire waɗanda suka ruɓe, aka jera masa na roba reras.

"Baba, ka ga yadda ka koma saurayi? Sai mun riƙa kulle ka kada a sace mana."

A ɗakin ɗaukar murya ya buɗe baki, Zirganci ya fito tas, babu fito. Furodusa ta zuba masa ido. Ya juya baya, ya zare haƙoran ya sa a aljihu, ya sake gwadawa. Iska ce kawai ta fito. Ashe fiton yana bukatar haƙoran gefe, su kuwa suna kwandon sharar likita.

Ƙorafi ya yi ta zuwa, wai Dattijo ya shiga birni ya ƙi asalinsa. Shugaban ƙungiya, wani malamin lissafi, ya zo rumfa da kansa, ya kunna masa tsohon shiri a waya.

"A'a, Baba, ba haka mutanenku suke faɗa ba. Saurara da kyau, ka biyo shi."

Mai Agogo ya saurari muryarsa, ya bi ta, ya kasa cim mata. Ya koma ya roƙi likita ya buɗa masa 'yar kafa a gaba, likita ya ce shi ba ya ɓata aikinsa da hannunsa. 'Yarsa ta ce ya rabu da shirme, yanzu ga shi yana cin nama. Marubuci ya ɗaga hannuwa ya ce harshen ya fi ƙarfinsa, shi ma gyara masa ake yi.

Aka ba direban gidan rediyon matsayin Dattijon Tudu, da yake ya daɗe yana kwaikwayon Mai Agogo don ba mutane dariya. Ƙungiya ta ce asali ya dawo.

Ba a sallami Mai Agogo ba, Furodusa mace ce mai tausayi. Duk mako yakan rufe rumfa, ya tsallaka titi, ya zare haƙoransa, ya jira a ɗaga masa yatsa, ya fesar da iska. Shi ne ƙarar buɗewar ƙofar kumbon sama jannati a wasan.