Sunan Genzo, Hannun Tokie

Tokie ta auri Genzo Hamatani tana da shekara ashirin da uku, a garin Wajima na bakin teku. Sana'arsa zanen alƙaluma. Ya shafa ƙaron itacen urushi, ya zana kifi ko zalɓe, ya barbaɗa garin zinariya, sai alƙalami ɗaya ya ci wata huɗu. Masu saye ba rubutu suke yi da su ba, a akwati suke adanawa. Ita aikinta tace ƙaro da wanke burushi. A shekarar farko ƙaron ya kumbura mata hannuwa, surukarta ta ce kowa da haka ya fara.

Genzo na da shekara hamsin da bakwai hannunsa ya soma rawa. Wata safiya ya ɓata zanen reshe ɗaya har sau uku, ya tura mata burushin ko kallonta bai yi ba.

"Ƙarasa. Kada ki yi mini kwaɓa."

Ta ƙarasa, shi kuma ya sa sunansa a gindi. Haka aka yi shekara goma sha ɗaya. Alƙalamin da ya ciyo masa lambar yabo a Tokyo, mai zanen ƙwaron mazari a kan karan shinkafa, bai taɓa shi ba sai wajen sa suna. Ranar bikin ita ta riƙe masa jaka.

Bayan rasuwarsa, dillalinsu Kurusu ya zo gaisuwa. Ta kawo masa shayi, ta ajiye sabon alƙalamin da ta zana a gabansa, ta gaya masa gaskiya. Ya ɗauka, ya daɗe yana jujjuyawa.

"Uwargida, ai na sani. Tun shekarar da aikin ya ƙara kyau na gane."

"To, ka kai wannan da sunana."

"Haba! Wa ya san ki? Kuma in maganar ta fita, duk wanda ya sayi na marigayi zai zo ya shaƙe ni. Ki rufa mana asiri, ki huta."

"In huta? Ce maka na yi na gaji?"

Ya shanye shayinsa, ya rusuna wa hoton marigayi, ya tafi.

Ta rubuta wa shaguna biyu. Ɗaya ya amsa da godiya kawai, ɗaya shiru. Yanzu furanni take zanawa a jikin tsinken cin abinci, ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido a kasuwar safe. Duk sanda 'yarta ta kira daga Osaka ta ce a kai maganar jarida, sai Tokie ta ce, "Ubanki ne fa," ta kashe wayar.