Rijiyar da Ganimu Ya Bar Ta a Buɗe

Ganimu ƙanen mahaifina ne, kuma duk zuriyarmu ba a yi mai taurin kai irinsa ba. Tun yana saurayi aikinsa kula da rijiyoyin ɓoye na hanyar Gaza, inda raƙumanmu ke bi da turare. Rami ake haƙawa mai faɗin ciki, ruwan sama ya taru, a rufe baki da dutse, a baza yashi. Baƙo sai ya taka wurin ya wuce da ƙishinsa. Alamar da ake gane wurin kuwa uba ke nuna wa ɗa, bayan ɗan ya rantse da sunan kakanmu Nebayot cewa ba zai gina gida ba, ba zai dasa itace ba.

Ban da suna babu abin da muka sani game da Nebayot, amma in Baffa Ganimu na zancensa sai ka ce jiya suka rabu.

Ɗansa tilo, Taimu, ya auri 'yar birnin Rakmu, ya gina ɗakin dutse, har da inabi a ƙofa. Ranar da ya zo neman alama ina zaune.

"Baba, bana zan bi ayari. Nuna mini rijiyar Jan Kwari."

"Mai ɗaki da ƙyaure me zai yi da rijiya? Je ka matse inabinka ka sha."

"Haba Baba, ɗaki na gina fa, ba sata na yi ba."

"Nebayot ya yi ɗaki?"

"Wa ya sani? Ka gan shi ne?"

Tsohon ya juya masa baya. Matarsa Huldu ta yi roƙo har ta gaji. Ya ce mata, "Bari ya dawo ya durƙusa, zan nuna masa. Rijiyar ai ba gudu za ta yi ba." Na san da gaske yake, girman kai ne kawai ya hana shi kiran yaron tun a lokacin.

Haka Taimu ya bi ayarin bai san alamar ba. A hanyar dawowa, kusa da Jan Kwari, raƙumin salkuna ya faɗi, ruwan ayarin ya tsiyaye. Taimu ya ce akwai rijiyar ubansa a kwarin, ya shiga nema shi kaɗai, bai fito ba. Da labari ya iso, ni na raka Baffa nemansa. Mun sami Taimu kwance a inuwar wani dutse, ya cika, yatsunsa duk sun farfashe don tono. Ko'ina ya tona, ban da inda ya kwanta. Baffa ya ɗauke gawar, ya share yashin da hannu, ya ture murfin. Ruwa cike har kusa da baki.

A kwarin Baffa ya ƙare rayuwarsa, bai sake rufe rijiyar ba. Dattawa sun zage shi, sun ce ya tona asirin Nebayot. Har yau abin na ci mini rai. Duk wanda ya zo wucewa, namu ko baƙo, sai tsohon ya taso da guga.

"Ɗana, ga ruwa nan. Sha, ba sai ka rantse ba."